Miyar Kabewa da Tatsuniyar Rana

Ni ban taɓa zama gindin murhu ba. A saman wani dogon bene a Pantai Dalam na tashi, inda ko ashana ka ƙyasta sai maƙwabci ya leƙo. Wutar da na sani ita ce ta kaskon turaren Iya, kakata ta wajen uba. Bayan sallar isha takan fitar da shi baranda, ta ɗora 'yan gawayi, ta miƙe ƙafa a tabarma, ni da ƙanwata Zulai mu raɓe a jikinta. Matar da ke samanmu ta yi ƙorafin hayaƙi har ta gaji, daga baya ma ita ke saukowa roƙon turare.

Baƙin ciki ne ya kawo Iya Malesiya. Ɗanta na fari, Baffa Sani, ɗan sanda ne, aka tura su Haiti aikin kiyaye zaman lafiya. Can ya auri wata mata mai suna Roselin, suka haifi 'ya mace, ya saka mata sunan Iya, Hauwa'u, mutanen can suna ce mata Awa. Ba a yaye yarinyar ba aka yi girgizar ƙasa, gini ya rufta da shi. Ko gawarsa ba a kawo ba. Babana, da yake karatu a jami'a a nan, ya je Kano ya ɗauko Iya don kada tunani ya kashe ta. Ta zo da kasko, da ƙullin daddawa, da wata tatsuniya da ba a wurin kowace tsohuwa ta gada ba. Baffa ne ya ba ta labarin a hutunsa na ƙarshe, ita kuma ta sassaƙa shi yadda ya yi mata.

Duk daren Lahadi Baba yakan kira Roselin, ya buɗe sautin waya, ya ajiye ta kusa da kasko. Roselin tana da ɗan Turanci da 'yan kalmomin Hausa da mijinta ya bar mata. Awa kuwa ko zo in kashe ki ba ta ji. Iya ba ta damu ba, ta ce kunne ne bai ji, jini yana ji. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe daga bayan teku." Mu amsa, ta iso mu ji ta. Da kaɗan da kaɗan har wata siririyar murya daga cikin waya ta fara amsawa tare da mu, a karkace. Ranar farko da ta yi, Iya ta kasa ci gaba.

Ga yadda take ba da ita. Wai an yi wasu mutane irinmu, aka sace su daga gonakinsu, aka haye da su teku zuwa wani tsibiri, aka sa su noman rake ba dare ba rana. Akwai wata miyar kabewa da iyayen gijinsu suke so. Bayi ke shuka kabewar, su fere, su dafa, su kai, amma an hana su ko lasar ludayi. Rannan tura ta kai bango. Suka busa ƙaho, suka cinna wa rake wuta, aka yi ta yaƙi shekara da shekaru har suka kori rundunar sarkin Turawa da addunansu. Ran da suka zama 'ya'ya, sai suka kafa tukwane a kan titi, suka dafa miyar nan, kowa ya sha har ya ture.

A nan ni da Zulai muke tafi. Iya ta dungure mini kai ta ce, "Kai Maigida, cikinka kawai ka sani, tsaya tukuna." Wai ba a jima ba jiragen yaƙi suka dawo suka tsaya a bakin ruwa, aka ce sai sun biya kuɗin kansu, don iyayen gijinsu sun yi asarar dukiya. Suka yi ta biya har jikoki. Maƙwabta suka ƙi gaishe su don kada nasu bayin su koya. Daga nan sai wasu daga cikinsu suka tsinci takalman iyayen giji suka saka, suka taka 'yan'uwansu fiye da da. Sannan ƙasa ta motsa.

Nan take tsayawa. Sauran tatsuniyoyinta duk takan rufe su da kan ɓera, wannan kam ba ta taɓa rufewa ba. Zulai, da Hausarta ke tafiya da sandar Turanci, takan ce, "Iya, finish lah, sai me ya faru?" Iya ta ce tatsuniyar da jikarta ke ciki ba a rufe ta. Kuma duk ranar farko ta shekarar Bature sai ta aike ni kedai, wato kantin unguwa, sayen kabewa, ta yi miyar taushe, don Roselin ta gaya mata ran nan kowa a can miyar yake sha.

Haka muka girma. Baba ya zama malami, muka koma unguwar Taman Melati, idon Iya ya yi yana har ba ta bambance fuska. Baba ya yi ta fafutukar kawo Awa da uwarta, abin ya ƙi. Awa ta zama budurwa, tana son karatun jinya, kuma har lokacin in an kira sai ta ce a yi mata tatsuniyar miya.

Sai labarai suka fara ɓaci. Aka kashe shugaban ƙasarsu, 'yan bindiga suka rarraba unguwannin babban birni kamar naman watanda. Saƙon ƙarshe da Roselin ta bari, tana haki, ta ce an ƙone layinsu, sun gudu wata makaranta, kuma a cikin turmutsitsin hannun Awa ya kuɓuce mata, tana nan tana nema. Daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba. Na rubuta wa duk wanda na san ana rubuta wa. Na bi hotunan sansanoni ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar lokacin ba.

Wata rana bayan magariba Iya ta ce ko ina yarinyar nan za ta kwana a wannan duhu. Baba, don ya kwantar mata da hankali, ya ce ai can yanzu gari ya waye, in rana ta faɗi a nan can take fitowa. Ashe duk shekarun nan babu wanda ya taɓa gaya mata, mu kuma mun ɗauka ta sani.

"Kenan da rana nake yi wa yarinyar nan tatsuniya?" in ji Iya.

Kowane ɗan Hausa ya san abin da ake cewa, wanda aka yi wa tatsuniya da rana ɓata yake yi. Baba ya ce Iya wannan camfi ne, komai da ƙaddarar Allah. Ta ce, "Na sani, Malam. Na fi ka sani. Amma ga shi ta ɓata."

Tun ran nan ba ta sake kunna kasko da dare ba. Da safe, kafin in fita aiki, rana ta haska baranda, take kirana in riƙe mata waya in danna wurin saƙon murya. Na ce Iya, yanzu ai nan ne rana. Ta ce ta sani, can dare ne, kuma in dai sai wani ya ɓata, gara ita.

Da ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne wanda ya dafa miya wata rana zai sha. Yanzu na ga mutanen nan sun sha, kuma har gobe ba a yafe musu ba. Ban san abin da zan yi da wannan darasin ba, ba ya ciyarwa, ba ya nemo ɓatacce. Abin da na iya kawai shi ne riƙe waya.

Yau ma mun yi. Iya ta ce ga ta nan tafe daga bayan teku, ta dakata, tana jiran siririyar muryar nan. Jirgin ƙasan cikin gari, LRT, ya wuce. Da na ga shirun ya yi yawa sai na amsa a madadin Awa. Ta ba da labarin har inda ƙasa ta motsa, ta tsaya. Na tura. Ya je ya jeru a ƙarƙashin na jiya da na shekaranjiya, kowanne da alama ɗaya tak a gefensa.

"Ya tafi?" in ji Iya.

Na ce ya tafi. Ban ce ya isa ba, ita ma ba ta tambaya ba.