Matar da ta tare gada da igiyar shanya

Ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin motocin haya su fara hayaniya a titin bakin teku, Goggo Mareta Ofasia ta riga ta hura wuta a bayan ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwarmu, can yammacin Honiara, babban birnin ƙasarmu. Tukunyar ruwa na kan murhu, baho uku a jere: na jiƙo, na cuɗa, na ɗauraya. Ba ta magana da kowa sai ta gama bahon farko. In ka gaishe ta kafin nan, gira za ta ɗaga maka, ka yi haƙuri da hakan. Zuwa ƙarfe takwas igiyoyi shida sun cika da zannuwan gado, ita kuma ta zauna kan kututturen kwakwa tana taunar bilnat, goron ƙasarmu, har bakinta ya yi ja, tana hararar sama ko hadari zai yi mata rashin kunya.

Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki. Juma'ar da ta wuce ta ajiye shi. An yi ɗan taro, an sha lemo, babbar nas ta yi jawabi a kan tsafta da zuwa aiki da wuri, aka miƙa mata agogon bango, daidai lokacin da ta daina bukatar sanin ƙarfe nawa. Ba wanda ya ambaci gada. Na so in miƙe in faɗa, amma ni jarumtakata ba ta isowa sai an watse. Shi ya sa na ɗauko alƙalami.

A shekarar 2000 'yan Gwale, masu wannan tsibiri, suka ce sun gaji, ƙasarsu za su riƙe da kansu, baƙi su koma inda suka fito. Baƙin kuwa mu ne, 'yan tsibirin Malaita, da muka cika birnin tun zamanin iyayenmu. Suka rufe hanyar gabas, suka rufe ta yamma, duwatsun baya dama nasu ne. Teku kaɗai aka bar mana. Mu ma muka jera buhunan yashi a bakin gari, muka sa wa kanmu suna masu tsaron birni.

Ni malamin firamare ne a lokacin. Da aka rufe makaranta, aka miƙa mini bindigar da wani makaniki ya haɗa da bututun ruwa, da harsashi uku da aka tono daga ragowar yaƙin Amurkawa da Japanawa. Ban taɓa harba ta ba, kuma ina zargin shi ya sa har yau yatsuna goma ne. Kowannenmu da laya a wuya. Tsohon da ya ɗaura mana ya ce harsashi zai kauce mana, muddin ba mu kusanci abin da jinin haihuwa ya taɓa ba. Wannan sharaɗi bai dame mu ba, domin ɗan Malaita ko ba laya ba ya bin ƙarƙashin zanen mace, balle na mai jego.

Ruwan unguwanninmu daga wani marmaro yake gangarowa, can kan dutse, a wani ƙauyen 'yan Gwale. Wata safiya aka murɗa famfo, ya yi tari, ya yi shiru. 'Yan Gwale sun ɗaure babban kan bututun. Goggo Mareta ta gwada wanki da ruwan teku, zannuwan suka bushe suka yi tauri kamar ƙafaffen kifi, nas ta ce ba mai jegon da za a kwantar a kansu. Zannuwa marasa wanki suka taru a lungu. Mutane suka koma shan ruwan rafi, gudawa ta shiga yara. A kwana na takwas aka binne jarirai biyu a unguwarmu.

Shugabanmu a shingen yamma shi ne Barnabas, muna ce masa Bana, tsohon direban tasi, kuma ɗan wan Goggo Mareta. Ya ce gobe motoci biyu za su hau dutse a buɗe ruwa da ƙarfi. Mu ashirin da uku. Hanyar guda ɗaya ce, siririya, kurmi hagu da dama. Kowa ya san wasunmu ba za su dawo ba. Kowa kuma ya ga jarkokin fetur da aka loda a baya, kuma ƙauyen gidaje arba'in ne, duk na ganye.

Da hantsi muka iso gadar kogi, wadda mota ɗaya kawai ke bi a lokaci guda. Direba ya taka birki har na sumbaci bututuna. An ɗaura igiya daga wannan ƙarfe zuwa wancan, an rataye zannuwan ɗakin haihuwa a jere, yadda suke, ba wanki. A ƙarƙashinsu Goggo Mareta na zaune, ta miƙe ƙafafu, baho a gefenta.

Bana ya sauko. "Goggo, mene ne haka?"

"Shanya."

"A kan gada?"

"Nan iska ta fi kyau."

"Ai ko wanke su ba a yi ba!"

"Da me zan wanke su, ɗana? Da yawunka?"

Wani daga baya ya ce a yanke igiyar mana. Aka dubi juna. Bana ya juyo ya ce, "Alik, kai ne mai ilimi, kai ba ka yarda da camfi ba. Je ka yanke."

Na ce masa ilimin nawa na lissafi ne.

Goggo ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. "Malam, har da kai? Bututun nan da ruwa aka sa masa da ya fi amfani."

Aka yi dariya, har da waɗanda suka shafa baƙi a fuska. Bana bai yi ba. Ya ce, "Goggo, jarirai biyu aka binne jiya. Ke kika wanke zannuwan da aka haife su a kai. Tashi mu wuce."

Sai ta daina wasa. Ta kira shi da cikakken sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Barnabas ɗan Ofasia, ni ƙanwar ubanka ce. Duk wanda ya wuce gadar nan yau da bindiga, ƙarƙashin zannuwan nan ya bi, kuma ƙafafuna ya tsallake."

Kowa ya san ma'anar wannan. Wanda ya tsallake ƙafafun macen danginsu, ba zai sake zama cikin maza a tsibirinmu ba, ko da shi ya ci yaƙin duniya. Layar kuwa ta zama ƙyalle.

"Me kike so?" in ji Bana.

"Ka ba ni zuwa ƙararrawar coci ta ƙarfe huɗu."

"In ta buga ba ruwa, ta cikin kogi za mu bi da ƙafa. Ko kina can, ko ba kya can."

"Na ji. Ku nemi inuwa."

Ta kwashe rabin zannuwan ta cusa a baho, ta ɗora ƙullin gishiri da sabulu biyu a kai, ta ɗauka, ta bi hanyar dutse. Sauran rabin ta bar su a igiya suna gadinmu. Mu ashirin da uku da bindigogi, muka zauna a gindin bishiya muna kallon wanki.

Abin da ya faru a can, daga bakin Feronika Tova na ji shi bayan shekaru. 'Yar Gwale ce, ta yi shekara goma sha biyu tana cuɗa a bahon da ke kusa da na Goggo, kafin rikici ya kore ta zuwa ƙauyensu. Ta ce masu gadin hanya sun tare Goggo, suka ce ta sauke kaya. Da suka leƙa bahon, suka ja da baya taku uku, don su ma da nasu layun.

Feronika ta fito ta ce, "Mareta, kin rame."

Goggo ta ce, "Ke kuwa kin yi ƙiba. Ruwanmu kike sha."

Daga nan ba ta roƙi kowa komai ba. Ta wuce inda rarar marmaron ke malala, ta durƙusa ta fara jiƙo. Feronika ta ce ta tsaya tana kallo har hannunta ya ƙi haƙuri, ta naɗe zane ta shiga cuɗa. Mai wankin ɗakin haihuwa tana karanta zane. Feronika ta ɗaga wani ta ce, "Wannan ta sha wuya."

"Ta rayu. Jaririn ne ba tabbas, tun shekaranjiya yake gudawa."

Suka yi zane goma sha ɗaya. Sannan Feronika ta aika a kira Dominik, ɗanta, wanda shi ke riƙe da masu gadin marmaron. Su 'yan Gwale ta wajen uwa ake gadon ƙasa.

"Marmaron nan na wane ne?"

"Na zuriyarmu, Mama."

"Ta wajen wa ka gaje shi?"

"Ta wajenki."

"To ban mutu ba tukuna."

Ya ce, "Mama, sun ƙone mana gida a gari. Sun harbe Pita, ɗan ƙanwarki."

"Na sani, ni na wanke gawarsa. Jariran ne suka harbe shi?"

Ya ce manyansa ba za su bar shi ba. Ta ce ya gaya musu uwarsa ce ta buɗe, su zo su same ta. Suka ja, suka ja, aka tsaya kan awa uku kowace rana. Feronika ta ce duk tsawon wannan magana Goggo ba ta ɗago kai daga baho ba, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci motoci biyu da ke jira a gada ba. Da ta ambata, da ba bututu Dominik zai buɗe ba, ramin kwanton ɓauna zai sa a haƙa a bakin hanya.

Abin da ba wanda ya lissafa, har da mai ilimin lissafi, shi ne ruwa na bukatar lokaci kafin ya cika bututun da ya yi kwana tara a bushe. Ƙararrawa ta buga huɗu. Famfon da ke bakin gada bai ce komai ba. Bana ya miƙe ya ce a tashi. Aka naɗe wanduna, aka ɗauki jarkoki, na gaba suka shiga kogi har gwiwa. Ni ina baya ina kwance igiyar takalmi, kuma ban taɓa ba aiki muhimmanci irin na wannan rana ba. Sai famfon ya yi gyatsa. Ya tofa iska, ya tofa laka, sannan ruwa ya zubo, ja kamar shayi, ya yi ta washewa.

Bana ya waiwayo daga cikin kogi ya dubi famfon. Sannan ya ce a mayar da jarkoki mota.

Goggo ta sauko dab da faɗuwar rana da wankakkun zannuwa a ka. Ta kwance igiyarta da kanta, tunda ba namijin da zai taɓa. Ta dubi Bana ta ce, "Ba ka ci komai ba yau, fuskarka ta nuna." Ya juya ya shiga mota. Sai da ya yi shekara huɗu bai gaishe ta ba.

Ba ita ta kawo ƙarshen yaƙin ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. An ci gaba da harbi a shingaye wata da watanni, an rasa mutane. Amma ruwa ya riƙa zuwa awa uku kullum har aka sa hannu kan sulhu, ƙauyen nan yana tsaye, kuma mu ashirin da uku duk mun ci tuwon rogo a gidajenmu a ranar. Ladan da ta samu shi ne aka ce ta sayar da mu. Kusan shekara biyu benci guda nata ne ita kaɗai a coci. Ta ce ba laifi, ta samu wurin miƙe ƙafa.

Goggo, ke ce kika tsare birnin nan, mu buhunan yashi muka tsare. Ke ce kika san inda tsoronmu yake kwance, kika rataye shi a igiya don mu rayu. Mai baho uku, uwar masu jego, mun gode. Ubangiji ya ba ki hutu mai tsawo, ya sassauta miki ciwon gwiwa.

Ga masu karatu kuwa, ba na ce kowa ya je ya zauna kan gada ba. Amma kowa da ɗan abin da ya iya, kuma ranar da naku suka hau motar da bai kamata ba, wani zai tare su. Kada ku jira mai muƙami.

Saura ku, abokan tafiyata, mu goma sha tara da muka rage. Gidan Goggo yana can ƙarshen tudu, inda bututu bai kai ba har yau. Da ƙafa take sauka ɗiban ruwa. Na yi lissafi, in kowa ya ɗauki rana guda, ba za ta sake sauka ba. Ni na fara ranar Asabar: jarka biyu, hutu huɗu a hanya, na isa ina numfashi kamar tsohuwar tasin Bana. Ta leƙa jarkokin ta ce, "Malam, ka zubar da rabi a hanya."

Na ce tudun ne da tsayi.

Ta ce, "Haka yake tun da. Wa zai zo gobe?"

Na ce Bana. Bai sani ba tukuna, sai ya karanta wannan.