Dattijo a Bencin Likitan Ido

A kan bencin asibiti wani dattijo na zaune, hularsa a gwiwa, idanunsa jajir kamar garwashi. Rigarsa wankakkiya ce, amma maɓallanta a karkace suke. Da alama babu mai duba shi kafin ya fito. Babban yatsansa na ta danna tafin hannunsa, kamar mai canja tasha.

Likita ta leƙo, ta miƙa masa maganin ɗigawa.

"Baba, kallon talabijin ɗin nan daga safe har yamma zai cinye maka sauran ganin. Kashi ɗaya a rana ya isa."

"Kashi ɗaya? 'Yata, ai daidai wurin daɗin suke yankewa, 'yan banza. Jiya sun bar yarinyar mutane a bakin rijiya."

Ita tana dariya, shi kuwa ko murmushi. Yana jujjuya kwalbar, yana neman rubutun jikinta, ya kasa gani.

"To, in na juya wa akwatin baya fa, in riƙa saurare kawai?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun da uwar yaran ta rasu, su kaɗai ke magana a gidan."