Takwarorin Baba Maitunga

Idan mutum ya baro 'Yandoto ya saki kwalta, akwai wata 'yar hanyar ƙasa da ke ratsa gonakin gero har ta kai shi wani ƙaramin ƙauye da ake kira Tungar Mas'udu. Wani maharbi ne ya fara kafa bukka a wurin, sunansa kuma ya bi garin. Bayan rasuwarsa aka haifi jikansa, aka mayar masa da sunan kakan. To matan gidan ba sa faɗin sunan surukinsu saboda kunya, Maitunga suke ce masa tun yana raye, don haka jaririn ma ya gaji laƙabin tun yana cikin zanen goyo. Shi ne Baba Maitunga, wanda yanzu furfura ta cinye masa gemu.

Manomi ne kamar kowa a wurin, amma sana'ar da ta fitar da shi duniya ita ce baibaya. Da kaka ta wuce sai ya ɗauki laujensa da igiya, ya bi ƙauyukan Tsafe da Mada har Bungudu yana yi wa mutane jinkar ɗaki da ta rumbu. Mutum ne mai son hira. Yana can saman ɗaki yana ɗaure ciyawa, bakinsa na ƙasa tare da masu gida. A wannan yawon ne ya kamu da ɗabi'ar da aka fi saninsa da ita: neman takwarorinsa.

Sunan ba shi da yawa a wannan yanki, saboda haka duk inda ya ji an ambaci wani Mas'udu, sai ya sayi goro ya tafi gaisuwa. Tambayarsa ɗaya ce a kullum: "Takwara, sunan wa anka mayar maka?" Ya je wurin Malam Mas'udu na Bungudu, wanda ɗalibai ke cika masa zaure. Ya je Mada ya ga Mas'udu ɗan dambe, ya dawo yana ba da labarin girman hannunsa. Har wata rijiya ya taɓa bi ya gani don kawai an ce Rijiyar Mas'udu ake kiranta, ya sha ruwanta, ya ce da ɗan gishiri amma ba laifi.

Matarsa Ladidi ba ta taɓa ganin amfanin wannan yawo ba.

"Malam, su waɗanga takwarorin naka, akwai wanda ya taɓa aiko maka ko da barkono?"

"Ke dai ba ki sani ba," in ji shi. "Mutum da takwaransa riga ɗaya sunka saka."

"To a wanke rigar, ta yi dauɗa."

Mafi shahara a cikinsu shi ne Alhaji Mas'udu mai hatsi na kasuwar Gusau, wanda motocinsa ke kai dawa da masara har kudu. Sau da yawa baƙo kan zo tungar yana neman gidan Alhaji, a zatonsa garin nasa ne, sai a nuna masa Baba yana tsugune yana gyaran ciyawa. Baba ya yi dariya ya ce, "Ni ne Mas'udun da ba shi da mota. Zauna ka sha fura."

Shekarar da ya yi ƙarfin hali ya je gaishe da Alhajin, ya ji abin da bai taɓa tsammani ba. Ashe a wata shekarar yunwa iyayen Alhaji sun yi zaman cin rani a tungar, maharbin nan ya ciyar da su har damina ta faɗi. A nan aka haifi Alhaji, aka sa masa sunan mai masaukinsu. Uwar Alhaji ma Maitunga take ce wa ɗan nata, matansa kuma suka ɗauka daga bakinta. Ranar Baba ya dawo gida yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

Daga baya rufin kwano ya rage masa kasuwa, gwiwa ta fara ciwo, Alhaji ya rasu. Sannan 'yan bindiga suka shigo dajin, yawo ya ƙare ga kowa. Aka kwashe shanun tungar. Samari suka haɗa ƙungiyar sa-kai suna gadi da bindigogin toka, ƙarƙashin wani Mamman, ɗan maƙwabcin Baba. A daminar bara aka kashe ƙanen Mamman a gona, kuma kowa ya yarda cewa wani baƙo da ya zo neman ruwan sha ne ya kai wa 'yan bindigar rahoto. Tun daga nan baƙon fuska ba ya shiga tungar ya fita da sauƙi.

Ana cikin wannan hali ne, wata Laraba bayan la'asar, Baba yana gyara gindin rumbu ya ji ihu daga bakin gari.

"An kama infoma! An kama infoma!"

Ya ɗauki sandarsa ya fita. A ƙarƙashin tsamiyar masallaci ya tarar an yi da'ira. A tsakiya wani saurayi ne a zaune a ƙasa, hannuwansa a ɗaure ta baya. Wandon 'yan boko ne a jikinsa, ƙaya ta yayyaga shi, takalmi ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar tana jini. Jikinsa na rawa kamar mai zazzaɓi. A cikin gero aka same shi yana rarrafe.

Maganarsa a tsinke take fita. Ya ce daga hidimar ƙasa yake dawowa, gida zai je Gusau. Da hantsi aka tare motarsu bayan sun wuce Tsafe, aka harbi direba, shi kuma ya faɗa daji da gudu. Jakarsa da wayarsa duk suna cikin motar.

"Haka wancan baƙon ma ya ce," in ji Mamman. Idanunsa sun yi ja. "Kowa da labarinsa. Ku tashe shi mu tahi da shi bayan gari."

Kowa a wurin ya san abin da bayan gari yake nufi. Saurayin ma ya gane, don ya fara salati da ƙarfi.

Baba ya ratsa mutane a hankali, yana dogara sanda. Ba shi da wata hujja a hannunsa. Ya dai tsaya a gaban saurayin ya yi masa tambayar da ake yi wa kowane baƙo.

"Samari, mi sunanka?"

"Mas'udu, Baba."

Wani daga baya ya yi tsaki. "Ya ji sunan garin ne a hanya! Wayo ne!"

"Ka bari in yi hira da takwarana," in ji Baba, ko juyawa bai yi ba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara. "Sunan wa anka mayar maka?"

Saurayin ya kalle shi kamar bai fahimta ba. Wa ke tambayar irin wannan a bakin mutuwa? Sai ya ce mahaifinsa ya daɗe yana awon hatsi a rumfar Alhaji Mas'udu a kasuwar Gusau, Alhajin ne ma ya yi masa aure, shi ya sa da aka haife shi aka sa masa sunansa.

"Wa bai san Alhaji mai hatsi ba?" in ji Mamman. "Ko yaron goye ya san shi. Baba, ka tashi, rana na faɗuwa."

Gaskiya ya faɗa, Baba kuma ya san haka. Ya kalli ƙafar saurayin mai jini, sannan ya matsa kusa.

"To ji nan. Matar yaron Alhaji ba ta kama sunan maigidan mijinta da bakinta. Innarka, mi take ce maka in za ta aike ka?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na kusa suka miƙa wuya.

"Maitunga take ce mini."

Ladidi, da ke tsaye a bayan darni tare da sauran mata, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu!"

"Ka san dalili?" in ji Baba.

"Ban sani ba, Baba. Haka na tashi na ji. Ta ce haka matan Alhaji suke kiransa."

Baba ya miƙe, ya juya ga jama'a. Ya ce a kasuwa Alhaji ake ce wa Alhaji, wannan laƙabi kuwa bai taɓa fita daga cikin gida ba, daga bakin mata yake tafiya zuwa bakin mata. Daga wannan tungar ya tashi ya je Gusau, ga shi yau ya dawo da ƙafa ɗaya babu takalmi.

Wasu suka gyaɗa kai. Mamman bai gyaɗa ba.

"Baba, ƙanena na cikin ƙasa. In wanga ya tahi, gobe sunka zo mana, wa za a tambaya?"

"Ni," in ji Baba. Ya zauna a ƙasa kusa da saurayin, kafaɗa da kafaɗa, ya ajiye sandarsa, ya mayar da hannuwansa baya. "Kawo sauran igiyar. Ni na tufka ta ma, na san tana da tsawo. Ku ɗaure mu tare, ku aika Gusau a tambayo. In ƙarya ce ku kai mu bayan gari mu biyu. Amma ba a ja Mas'udu a ƙasa a garin Mas'udu ina tsaye ina kallo."

Mamman ya daɗe yana kallon tsohon da ya yi wa ɗakin uwarsa jinka. A ƙarshe ya miƙa wa wani bindigarsa, ya tsuguna ya kwance igiyar da kansa, ya tashi ya tafi.

Ladidi ta wanke wa saurayin ƙafa da ruwan ɗumi da gishiri, tana yi masa faɗa kamar ɗanta. "Mai sunan Malam, daina rawar jikin nan ka sha kunu. Kai da ka yi boko mai yawa, ba a koya muku gudu da takalmi biyu ba?" Ya so ya yi dariya, sai kuka ya ƙwace masa. Ta bar shi ya yi abinsa.

Wani mai waya ya hau tudun da ake samun sabis, ya kira lambar da saurayin ya faɗa. Mahaifin ne ya ɗauka. An riga an gaya masa an tare motar, har 'yan uwa sun fara taruwa a gidansu da ke Damba.

Da safe Baba ya ba shi nasa takalmin roba, ya raka shi har bakin kwalta. Mamman na biye da su daga nesa da bindiga a kafaɗa, ba wanda ya sa shi. Da mota ta tsaya, saurayin ya durƙusa ya riƙe hannun tsohon, ya kasa sakinsa har direba ya fara danna ham.

"Tashi ka tahi, innarka na jira," in ji Baba. "Ka ce mata Maitunga na gaishe ta."

Har yau saurayin bai sake bin wannan hanya ba. Ƙarar babura da yawa a lokaci ɗaya tana sa shi ya nemi bango ya jingina. Baba ya sani, don mahaifin ya gaya masa lokacin da ya zo godiya. Shi ya sa duk ranar kasuwar Tsafe, idan ya sami mai ara masa waya, yakan sa a kira masa Gusau. Ba ya tambayar maganar aiki, ba ya kuma tuna masa da ranar. Yakan ɗaga murya ne kamar mai magana daga saman ɗaki.

"Takwara! Kana cin abinci kuwa? To madalla. Gero ya yi kyau bana. Ladidi ta ce ƙafar ta warke?"