Fanshon da aka rubuta da yatsan ƙaninsa

Shekarun baya, zamanin Turawa, muna zaune a Agege, mijina yana aikin gyaran layin dogo. Leburan yini ne, ba shi da fansho. Kowane lebura yana da lambar tagulla, kuma al'adar mutanenmu ce in tafiya ta kama mutum ya bar wa ɗan'uwansa lambar, ya riƙa amsa sunansa kada gurbin ya salwanta.

Da mahaifiyarsu ta rasu a Kano, haka mijina ya yi. Ya bar wa ƙaninsa, ya tafi sai bayan sadakar arba'in. Ashe a tsakanin nan aka sauya tsari: leburorin da suka daɗe za a sa su cikin masu fansho. Aka ɗauki hoton kowa, aka dangwala yatsa. Ƙanin ya ga in ya ce ba shi ba ne, yayansa ya rasa fanshon. Sai ya tsaya aka ɗauke shi.

Da mijina ya ajiye aiki, ya sa babbar riga ya je ofishin jirgin ƙasa da ke Iddo karɓar fansho. Akawu ya dubi hoto, ya dube shi, ya ce, "Baba, wannan ba kai ba ne." Daga nan ƙanin ne ke zuwa duk wata, a kira sunan mijina ya amsa, ya kawo masa. Mijina yakan ce, "Ga ni nan na dawo," in ya hango shi a ƙofa. Mu yi ta dariya.

Sai mijina ya rasu.

Ina cikin takaba ƙanin ya zo da kuɗin, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Na ce, "Na waye?" Ya ce, "Yaya, ni ma ban sani ba. Sun kira, na amsa."

Fansho yana tsayawa ne in mai shi ya mutu. To mai shi ya mutu, amma a wurinsu yana raye. Yara kuma suna ci. Na aika a tambayi limaminmu, ya ce gumin mamaci ne, amma yatsan na mai rai ne, a ba shi lokaci ya duba. Bai taɓa ba mu amsa ba.

Na karɓa har na fita takaba, ina ci ina istigfari. Sannan na ce mu je mu faɗa. Ni da ban taɓa shiga ofis ba, har takalmina na cire a ƙofa.

Na ce wa akawu mijina ya rasu. Ya duba hoto, ya nuna ƙanin. "Mama, wane miji? Ga shi tsaye!" Na sake bayani, na ƙara rikita shi. Ƙanin dai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Oga, rubuta kawai. Ni ne na mutu."

Ya rubuta. Fansho ya tsaya. Na koma sayar da koko da ƙosai a bakin tasha, da shi na raini yaran.

Har yau ban san ko na yi daidai ba, ban kuma san watannin da na ci halal ne ko a'a ba. Abin da na sani, ranar da aka binne shi ban yi kuka sosai ba. A jirgin komawa Agege na yi, da na tuna wata mai zuwa ba wanda zai ƙara kiran sunansa a amsa.