Yaya, Sun Ce Ƙirjinki Lafiya Lau

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, telar layinmu, bayan fama da ciwon dajin huhu. Har yau, Yaya, bakina ya kasa kiran ki marigayiya.

Da Baba ya rasu, ke kika ajiye karatu kika hau keken ɗinki don mu ci gaba da namu. Duk lokacin da za ki gwada ni sai kin yi tsaki: "Auta, kai dai tsawo kake yi don ka ƙarar mini da yadi." Marayun layin nan kuwa babu wanda bai sa ɗinkinki ba. In uwarsu ta zo godiya sai ki ce ai ragowar yadi ne. Mun san sabo kika yanko.

Bara tari ya kama ki. Ba ki taɓa shan taba ba, don haka kowa ya ce ƙurar yadi ce. Na kai ki asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga, ya duba, ya ce lafiya lau. Tari bai tsaya ba, muka koma. Hoto na biyu, magana ɗaya, magani kawai aka canja. Kika dawo kan keke, ki taka, ki tsaya neman numfashi, ki sake takawa.

Sai da kika tofar da jini a kan farin yadin da kike ɗinkawa aka sa ki cikin babbar na'urar ɗaukar hoto. Wata likita ta nemi tsofaffin hotunan, ta manna na farkon a jikin fitila, ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan tabo a bayan haƙarƙari. Sannan ta ce, "Yana nan tun lokacin. Da an gani, da an cire shi." Na ce, yanzu fa? Ta sunkuyar da kai.

Maganar nan ta hana ni sakat, Yaya. Na san rai ba ya wuce ajalinsa, na sani, kullum ina faɗa wa kaina. Amma sai in ɗaga hoton nan a taga, ga tabon ƙuru-ƙuru, har ni ina ganinsa yanzu. Wa zan kama? Jiya ƙaramar 'yarki ta riƙe mini riga ta ce, "Kawu, ba an ce Mama lafiyarta ƙalau ba?"

Ya Allah Ka jiƙan ta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa wahalar numfashin nan ta zama kaffara. Ka buɗe idon duk mai duba hoton ƙirjin wani. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki da 'ya'yanki, Allah Ya ba su haƙurin da ni na rasa. Ya kuma dubi Inna, wadda har yanzu in mun shiga ɗakinki take cewa mu rage murya, kada mu tashe ki.