Ranar Da Malama Ta Kawo Mini 'Ya Har Rumfa

Shekarun baya, lokacin rumfata a kasuwar kifi ta Haɗeja ba ta kai yadda take yanzu ba, wata mata ta yi mini sallama da hantsi. Ina tsakiyar ware banda, hannuna duk maiƙo. Na ɗauka mai saye ce, har na jawo mata kwandon tarwaɗa.

Ta ce, "Alhaji, ba ciniki ya kawo ni ba. Ni ce malamar 'yarka a firamare. Muna koya wa yara sana'o'in garinmu, muna kai su su gani da idonsu. Mun je wurin mai injin casar shinkafa, mun je wurin teloli. Jibi muna so mu zo wurinka, in ka yarda."

Na ce, "Malama, wace 'yar tawa?"

'Ya'yana duk maza ne, kuma babu wanda yake makarantar tasu. Da na faɗa mata haka sai ta zauna a bakin benci, ta ba ni labari. Ta sa kowane yaro ya tashi ya faɗi sana'ar gidansu. Da aka zo kan wata yarinya da aka kawo daga ƙauye wurin gwaggonta, sai ta ce babanta yana kasuwar kifi, ta kwatanta rumfata har da darbejiyar da ke gabanta. Aji ya kwashe da dariya, domin yaran sun san mahaifinta ya rasu. Tun ranar suke kiranta mai baban ƙarya.

"Ni na ɗauka kai ƙanin mahaifinta ne, shi ya sa na ce musu za mu zo su gani," in ji malamar. "Yanzu in na koma na ce ba ka san ta ba, yarinyar nan ba za ta sake buɗe baki a aji ba. Da ma da ƙyar take magana."

Ni ɗan kasuwa ne, ba na karɓar kayan da ban buɗe na gani ba. Amma ranar sai na ji bakina ya ce, "Kawo su."

Da na koma gida na gaya wa mai ɗakina, sai ta ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina roƙon 'ya mace, ashe tana can tana karatu."

Ranar da za su zo na sa farar shadda, har da turare. Farar shadda a rumfar banda. Maƙwabcina na rumfa ya leƙo ya ce, "Alhaji, gwamna ne zai zo, ko kifin ne ya samu ƙarin girma?" Ban kula shi ba, domin ina maimaita jawabin da na tsara a kaina. Da na hango yaran sun shigo a jere, jawabin ya gudu bai bar ko kalma ɗaya ba.

Ban buƙaci a nuna mini yarinyar ba. Tana can ƙarshen layi, ta ja hijabinta har gira, idonta a ƙasa. Na ce, "'Yata, zo nan kusa da ni, ke ba baƙuwa ba ce." Ta zo kamar mai taka ƙwai.

A gaban layin akwai wata yarinya mai baki, irin waɗanda in sun girma ba a cin ribarsu a ciniki. Ta ce, "Baba, da gaske kai ne babanta?"

Na ce, "Bari mu gama da kifi, sannan mu zo kan mutane."

Ba na son in yi wa yara ƙarya a rumfar da nake shirin koya musu amana, ba na kuma son in tozarta wadda ke tsaye a gefena.

Na fara nuna musu aikin. Yadda ake ƙwanƙwasa banda da yatsa a ji ko ya bushe har ciki, yadda ake leƙa kansa a ga ko ƙwari sun shiga, yadda ake jera shi a kwali don kada ya farfashe kafin ya isa Kudu. Ana haka wata tsohuwa ta zo ta saya, na ɗora mata ƙaramar karfasa gyara. Mai bakin nan ta ce, "Malama ta ce riba ake nema, kai kuma kana kyauta."

Na ce, "Wannan 'yar karfasar ita za ta dawo mini da tsohuwar nan mako mai zuwa. Kina ganin ba ta ga sauran rumfunan ba ne?"

Malama ta ce su riƙe wannan da kyau.

Daga nan na jawo kwandon da na fi ji da shi. Na ce musu kowane mai banda yana da hannunsa. Yawanci in sun naɗe tarwaɗa, tsinke suke soka mata don ta zauna a naɗe. Wannan kuwa da siririyar kaba aka ɗaure ta, ƙullin a ɓoye a ƙarƙashin haɓa, babu huda ko ɗaya, shi ya sa ba ta karyewa. Na ce, "Lokacin da nake yawo da faranti ɗaya a ka, wani masunci daga wani ƙauye wajen Miga shi ya fara kawo mini irin wannan. Shi ya koya mini duk abin da na nuna muku yau. Ya zama abokina. Allah ya yi masa rasuwa, iyalinsa suka tashi daga garin, labarinsu ya yanke mini. Amma kifin bai daina zuwa ba ta hannun dillalai, ban dai san wanda ya gaji hannun ba."

Sai na ji wata siririyar murya a gefena. "Innata ce. Ni nake tsaga mata kabar in na je hutu."

Ta tsugunna ta ɗauki guntuwar kaba a ƙasa, ta naɗa ta a yatsunta biyu, ta ƙulla ba tare da ta duba ba. Ƙullin nan ne sak. A take na tuna wata 'yar mitsitsiya da abokina yakan zo da ita ranar kasuwa, ya kife kwando ya zaunar da ita, ya ce, "Gai da babanki."

Ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Shi ya ce mini in ba ya nan, kai ne."

Na juya kamar ina gyara kwali, na goge idona da hannun farar shaddar. Tabon maiƙon bai taɓa fita ba. Sannan na kira mai bakin nan na ce, "Kin yi tambaya ɗazu. Mahaifinta ya rasu, gaskiyarku. Amma da kifinsa rumfar nan ta fara, kuma shi da bakinsa ya ce ni babanta ne. Ba ta yi ƙarya ba."

Sai mai bakin ta matsa kusa da yarinyar ta ce, "To ki koya mini ƙullin mana." Sauran suka yi mata caa. Aka bar ni tsaye da kwando, 'yata tana koyarwa.

A satin nan ni da mai ɗakina muka nemi ƙauyen da mahaifiyarta take. Tun daga lokacin kifinta kai tsaye yake zuwa rumfata, babu dillali a tsakani. Yarinyar kuwa ranakun da babu makaranta rabi tana gidanmu, rabi tana rumfa.

Mutane sukan tambaye ni me za a koya wa yara a kasuwa wanda ba za su samu a aji ba. Ni dai abin da na gani shi ne, a allo riba lamba ce kawai. A rumfa kuwa yaro yana ganin cewa bayan kowane kaya akwai hannun wani mutum, wani lokacin ma hannun gidansu ne. Ni kaina na daɗe ina sayar da wannan ƙullin ban san wadda take tsaga kabar tana wucewa ta bayan kasuwarmu kullum zuwa makaranta ba.

Har yanzu malamar tana kawo sabon aji duk shekara. Ba ni nake bayani ba, 'yata ce, yanzu da ta girma take kula da kayan da muke aikawa Kudu. Ni ina zaune a benci da tsohuwar rigar aikina. Kuma kowace shekara sai an samu mai bakin da zai tambaye ta rumfar waye wannan. Sai ta ce, "Ta babana ce." Ban taɓa tambayarta wanne take nufi tsakanina da mahaifinta ba.