Kaltume Mai Dafa Kara

Kaltume ta Danchadi ba ta mantuwa. Ka yi mata alheri, sai jikanka ya ci albarkacinsa. Ka cuce ta kuwa, to ka nemi tabarma ka zauna, tana tafe.

Shekarar da mijinta ya rasu, saniya ɗaya tal ta rage mata, gadon ubanta. Da aka gama girbi ta roƙi Maniru, ƙanen marigayin, ya bar ta ta kwashi karan dawa a gonar gandu. Haka aka saba, ba a hana gwauruwa kara. Maniru ya ce shara zai yi, ya ƙyasta ashana tana tsaye da igiya a hannu. Kafin ruwan farko ya sauka saniyar ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Kaltume ba ta yi kuka gaban kowa ba, amma ta ƙullace shi ƙwarai.

Ana nan sai malaman gona suka tara matan ƙauyuka a Boɗinga, suna koya musu noman naman kaza, wato laimar kwaɗi. Kaltume ta je, ta buɗe kunne. A sassare kara, a haɗa da ɓuntun shinkafa, a jiƙa, a turara a duro har ya nuna, ya huce, a barbaɗa iri, a ɗaure cikin leda a ɗaki mai duhu. Farar fumfuna sai ta mamaye shi kamar auduga. A tsinki naman kaza a kai kasuwa, ragowar karan kuma ya yi laushi, dabba ta ci ta yi ƙiba. Ta dawo gida ta fara, da ribar farko ta sayi raguna. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai Kaltume ta zautu, tana dafa wa tumaki tuwo. Da suka ga ragunanta a tsakiyar bazara, dariya ta koma ciki.

Rannan sai ga Maniru, yana murza hula. Shanun huɗarsa biyu sun rame, haƙarƙari a waje, ga damina ta matso. Da su yake ciyar da gidansa, da su yake yi wa duk unguwar huɗa.

"Matar yaya, irin ga nika so ki ɗan sam min."

Ta ba shi da hannu biyu, har da murmushi, ta zayyana masa komai. Ya dubi duron, ya yatsine fuska.

"Wagga dahuwa hwa? Dole ta? Wa ad da itacen dahwa ma shanu abinci?"

Nan fa zuciyar Kaltume ta yi fari ƙal. Ta san idan ba a turara ba, baƙar fumfuna ce ke kama karan, mai guba. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tsirar da shanun. Ta gyara ɗaurin zane.

"Kai an namiji, Maniru. Ka hi ni sanin shanu."

Ledojinsa suka yi baƙi da kore, ga wari. Da ya zo ya tambaya ai da ta faɗa, sai dai girman kai rawanin tsiya. Ya juye wa shanun da yunwa ta ci ƙarfinsu. Ɗaya aka tarar ya sandare a turke, ɗayan da ƙyar aka sa masa wuƙa. Ta katanga Kaltume ta ji babban mutum yana shessheƙa, wallahi ko gezau, daɗi ma ta ji.

Da ruwa ya sauka, babu mai yi wa unguwar huɗa, har da 'yar gonarta. Mata suka yi ta tsaki. Kaltume ta saɓi galma, ta yi kunyoyinta da hannunta, tafin ya ɗuri ruwa ya fashe. Maniru ya zo wucewa ta bakin gonar, shi ma da galma a kafaɗa, kansa a ƙasa. Ta miƙe, ta share zufa.

"Sannu da aiki, Maniru. Ya shanu?"